Tsohuwar Da Ke Kwance A Gindin Tsamiya



Bayan rasuwar mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, da aka share makoki, sai aka sa ranar da za a zagaya gonakin gidanmu na Ɗankaza domin a fitar wa kowa haƙƙinsa. Muka fita da hantsi, Baffa yana gaba da sandarsa, domin shi kaɗai ya rage a cikin 'yan'uwan mahaifinmu maza, mu kuma muna biye da shi, wasunmu da takalman birni suna ta tsallake ƙaya. Yana tafe yana nuna iyaka: ga jerin gamba, ga kututturen ɗorawa, ga inda tsohuwar rijiya ta rufta. Da muka isa kusurwar kudu, wurin wata tsohuwar tsamiya inda ƙasa ta ɗan yi tudu, sai ya tsaya ya dogara sandarsa ya ce, "Nan ba a raba shi, ba a kuma sa masa garma."

Wani ɗan'uwanmu, wanda tun kafin a raba ya riga ya sami mai sayen kasonsa, ya ce, "Baffa, saboda me?" Baffa ya ce, "Haka muka taras." Ya ɗauki sandarsa ya yi gaba. Ni kuwa na san dalili, na kuma san Baffa ya sani, amma ran nan ni ma na ja bakina na yi shiru. Wannan rubutu da kake karantawa, ya mai karatu, shi ne amsar da na kasa bayarwa a gindin tsamiyar nan.

Ga wanda bai san wurin ba, Ɗankaza ɗaya ce daga cikin mazaɓu goma na Ƙaramar Hukumar Wudil a Jihar Kano, ita kuwa Wudil tana bakin kogi, kimanin kilomita 40 kudu maso gabas da birnin Kano. Kowa ya san Wudil da kasuwar Juma'a da karar shanu, ga kuma jami'ar kimiyya da fasaha da ta fara aiki a 2001, wadda aka sa mata sunan Aliko Ɗangote a 2022. In ka buɗe littattafan tarihi za ka ga sunan ƙasarmu, domin a Utai Joɓawa suka zauna, zuriyar Malam Bakatsine, ɗaya daga cikin shugabannin jihadi a ƙasar Kano, kuma a gidansu sarautar Makaman Kano take. To amma fa iyakar abin ke nan. Tarihin Kano wanda Palmer ya fassara a 1908, da Kano Ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji, duk labarin sarakuna ne da hakimai da yaƙe-yaƙensu. Wanda ya noma geron da dawakin sarakunan suka ci, ba ya ciki. Tarihinsa yana bakin tsofaffi, tsofaffin kuwa kullum tafiya suke yi.

Tsohuwar da ta riƙe namu ita ce kakata mahaifiyar babanmu, wadda duk gidan muke kira Iya. Auren zumunci aka yi mata, ita da kakanmu 'ya'yan wa da ƙane ne, saboda haka labarin gidan ta ko'ina nata ne. Da daddare bayan an ci tuwo takan baje tabarma a ƙofar ɗakinta, ta jawo mazari da alli da sawun auduga, tana kaɗi tana magana. Ni take kira "maigida", irin wasan jika da kaka, takan ce, "Maigida, matso kusa, tunda ba ka kawo cefane ba ai ka kawo kunne."

Iya ba ta san 1914 ko 1927 ba. Lissafinta da abin da ya auku ne. Takan ce wane an haife shi shekarar Marisuwa, wance an yi mata aure bayan Mai Buhu da damina biyu, wane kuma ya yi wayo lokacin da jirgi ya zo Kano. Ina yaro na ɗauka duk tatsuniya ce irin ta Gizo da Ƙoƙi. Sai da na girma na yi karatu na gane ashe kalanda ce cikakkiya. Marisuwa ita ce murar da ta karkashe mutane a duniya a 1918. Mai Buhu yunwar 1927 ce. Jirgin ƙasa kuwa a 1911 ya iso Kano. Da na jera maganganunta a kan waɗannan shekaru, sai na ga ba su saɓa ba, har na iya gano cewa ita kanta wajen 1920 aka haife ta, tunda ta ce mahaifiyarta ta yi goyonta damina biyu bayan Marisuwa.

Labarin da aka fi so a gidanmu, wanda ake bayarwa ko da baƙi, shi ne na gudun Ningawa. Iya ta ce asalin mutanenmu daga can kudu suke, a wani ƙauye da ba shi da ganuwa. Wata asuba da kaka, an gama girbi an tara dammuna, sai aka ji ihu, Ningawa sun faɗo. Mahaifin kakanta ya saɓa ɗansa a wuya, wato yaron da daga baya aka riƙa kira Malam Tsoho, ya faɗa cikin karan dawa. Matarsa ta tsira, amma 'yarsu budurwa da ta tafi ɗiban ruwa ba a sake ganinta ba har abada. Suka yi ta tafiya arewa har suka sami wurin da aka ba su saura suka sare, suka kafa bukka. Wannan saura ita ce gonar da muka zagaya da Baffa. In Iya ta zo nan a labarin takan ajiye mazari ta ce, "Allah Ya isa tsakaninmu da su."

Wannan ma littafi ya gaskata ta. Wajen 1846 wani malami mai suna Malam Hamza ya bar Tsakuwa, ta ƙasar Dawakin Kudu, shi da jama'arsa, saboda rigimar kuɗin ƙasa tsakaninsu da masu mulkin Kano. Suka shige duwatsun Ningi, suka haɗa kai da mutanen wurin, Butawa da Warjawa da Fa'awa da sauransu, suka kafa mulkin da ya gagari Kano da Bauchi da Zazzau shekaru aru-aru. Zamanin Ɗan Maje da Haruna, hare-harensu sun addabi kudanci da gabashin ƙasar Kano ƙwarai, suna kwasar mutane da dukiya. Sarkin Kano Abdullahi Maje Ƙarofi, wanda ya hau a 1855, ya sha fita yaƙi da su, yana ƙarfafa garuruwan kan iyaka. Riƙe wannan magana ta fitar Sarki Abdullahi, mai karatu, za mu dawo kanta.

Labari na biyu shi ne na Basasa, shi kuwa a gurguje Iya take wuce shi, domin babu jaruntaka a cikinsa. Da Sarkin Kano Bello ya rasu a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa ɗansa Tukur, sai Yusufu ɗan Abdullahi da 'yan'uwansa suka ƙi, suka fita suka kafa sansani a Takai. Yusufu ya rasu a Garko a 1894, Alu ya gaje shi ya ci birni a shekarar, aka ƙarasa da Tukur a Tafashiya a 1895. Duba taswira ka ga inda Takai da Garko suke, ka ga inda Kano take, za ka gane ƙasar Wudil a tsakiya ta sami kanta. Abin da ya iso gidanmu daga wannan yaƙi na 'yan'uwa shi ne, Malam Tsoho ya haƙa rami a cikin turken awaki ya binne hatsinsa, ya bar rumbu da ɗan kaɗan don idan mahaya sun zo su sami abin ɗauka su tafi. Na tambayi Iya, su mutanenmu Yusufawa ne ko Tukurawa? Ta yi dariya ta ce, "Maigida ke nan. Wanda ya zo da doki shi ne namu, har ya tafi."

Labari na uku shi ne wanda ya fi daɗe mata a baki, na yunwar Kakalaba. A 1912 kamfanonin Turawa suka fara sayen gyaɗa a Kano da tsada, tunda ga jirgi zai kwashe ta zuwa Ikko, ga kuma haraji da ake nema da kuɗin Bature. Manoma da yawa suka ƙara wa gyaɗa fili. Sai daminar 1913 ta ƙi. Aka yi shuka ta ƙone, aka sake ta ƙone. Kafin daminar 1914 ta kawo sabon hatsi, mutane sun mutu ba adadi a ƙasar Kano, ga kuma na arewa da suka kwararo daga ƙasar Faransa suna faɗuwa a kan hanya.

Iya ta ce a gidanmu rumbu ya ƙare tun kafin bazara. Malam Tsoho ya jinginar da rabin gonar a kan 'yan dammunan gero, su ma suka ƙare. Aka sayar da awaki, aka sayar da tasoshin uwargida, har allon ƙofa. A nan ne wata mace ta miƙe, wadda a labarin ba a kiranta da komai sai Tsohuwa, ita ce kakar Iya, ita ce kuma kakar mijinta. Tun duku-duku takan fita da ƙwarya da 'yar fartanya, ba ta dawowa sai rana ta take. Ganyen tafasa da yaɗiya kowa ya san su, an ma ƙarar da su. Ita kuwa saiwoyi take tonowa, irin waɗanda in wani ya ci sai ya kumbura ya mutu. Ta san wanda ake yankawa a jiƙa kwana uku ana zubar da ruwan, ta san wanda ake dafawa da toka, ta san wanda ba a taɓa shi ko da wasa. Takan bi layin tururuwa har gidansu ta tone ta kwaso 'yan ƙwayoyin da suka tara, ta sheƙe ta dama wa yara. Idan an dafa, ita take fara ci, ta zauna a jira, sai an ga ba abin da ya same ta sannan ta raba. Maƙwabta suka riƙa binta daji suna koyo. A gidajen da ke kewaye da mu an fitar da gawa biyar, an fitar da bakwai. A ɗakin Tsohuwa ba a fitar da ko ɗaya ba. Bayan shekaru 'ya'yanta biyu suka fanshi gonar da aka jinginar, da kuɗin gyaɗar nan dai da ta taimaka wajen jefa su a wahala.

Sau da yawa na ji wannan labari, ban taɓa tambayar abin da ya kamata in tambaya ba. A ina macen da ta tashi a ƙasar gero da dawa ta koyi saiwoyin da manoman wurin ba su sani ba? Kuma me ya sa kowa a labarin gidanmu ana faɗin ubansa da garinsu, ita kaɗai ce ba ta da uba, ba ta da gari, ba ta da ko ɗan'uwan da ya taɓa zuwa gaishe ta da salla?

Sai a ciwonta na ajali Iya ta ba ni amsa, ba tare da na tambaya ba. Na zo daga Kano duba ta, muna mu biyu a ɗaki, ta ce in tura ƙyaure. Ta ce, "Maigida, kai ne mai rubuce-rubuce. Akwai abin da zan ba ka ajiya. Tsohuwa ba 'yar ƙasar nan ba ce. Daga dutse aka kamo ta."

Ta ce tana yarinya, ba ta fi shekara tara ba, dawakin Kano suka faɗa wa ƙauyensu a gindin duwatsun kudu, su ma da asuba, su ma da kaka. Ta ga an kashe ubanta a bakin rumbu. Aka ɗauro su a igiya ɗaya da uwarta, a wani zango aka raba su, ba ta sake ganinta ba. Hannu ya yi ta miƙa ta ga hannu, har mahaifin Malam Tsoho, wanda a lokacin saƙa ta fara yi masa albarka, ya saye ta da wuri don ta taya matarsa daka da ɗiban ruwa. Wato mutumin da Ningawa suka ɗauke wa 'ya, shi ne ya sayi 'yar da Kanawa suka ɗauke wa mutanen dutse. Ta girma a gidan, ta musulunta, ta koyi Hausa. Malam Tsoho ya sa ta a ɗaka, ta haifa masa maza biyu. 'Ya'yan uwargida kuwa, waɗanda Kakalaba ta bari Marisuwa ta kwashe. Saboda haka duk wanda yake amsa sunan gidanmu a yau, da na Ɗankaza da na Kano da na Kaduna, daga cikin wannan baiwar Allah ya fito.

Iya ta san ta sosai, domin a ɗakinta ta tashi, kuma sai lokacin Yaƙin Hitila, shekarar yunwar 'Yar Gusau, ta rasu. Ta ce akwai wani ɗan tabo a leɓenta na sama, wurin huji da ya toshe, wanda takan rufe da hannu in za ta yi dariya. In tana niƙa ita kaɗai takan yi wata waƙa da ba Hausa ba, da ta ji motsin mutum sai ta yi shiru. In an yi ruwa da yamma gari ya washe, takan je kusurwar gona ta kudu ta zauna a gindin tsamiya tana kallon inda ba a hango komai. Da za ta rasu ta roƙi a binne ta a nan, 'ya'yanta suka cika mata. Iya ta riƙe kalmomi uku na harshenta, ta kuma faɗa mini su a ranar. Na ce a raina zan dawo da rakoda mako mai zuwa. Kafin makon ya zagayo an yi mini waya. Da kalmomin nan uku, yau da na kai wa masana harsuna sun faɗa mini ko Bawarjiya ce ko Bafa'iya, da watakila na san dutsen da zan je in yi sallama. Wannan sakaci nawa ne, ba na ɗora wa kowa.

Da na koma ga littattafai sai na ga babu abin mamaki a labarin. Yaƙin Kano da Ningi kowane ɓangare kamun mutane yake yi, kuma fitar da Sarki Abdullahi da waɗanda suka biyo bayansa suka riƙa yi zuwa ƙasar Warji da kewayenta da bayi ake dawowa. Bayi sun yi yawa a ƙasar Kano a ƙarni na 19, a fada da rinji da gidajen talakawa masu ɗan hali. A shari'ar Malikiyya, kuyangar da ta haihu da ubangijinta ba a sayar da ita, tana samun 'yanci ran da ya mutu, 'ya'yanta kuwa 'ya'ya ne masu cin gado kamar kowa, shi ya sa sarakuna da malamai da attajirai da dama ta wannan hanya suka zo duniya. Turawa sun ci Kano ranar 3 ga Fabrairu, 1903, dokarsu kuma ta ce duk wanda aka haifa bayan ƙarshen Maris na 1901 ɗa ne, amma ba a soke bauta ɗungurungum a Arewa ba sai a 1936. Ka ga ke nan abin ba nisa ya yi ba. Wanda ya karanta labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta aka buga a 1954, zai ga yadda tsohuwar take maganar rinjin gidansu da kamun mutane kamar yadda ake maganar damina da rani. Mu ne 'yan baya muka mai da abin abin kunya, muka share shi, kowa ya koma asalinsa daga Gabas yake, kakansa malami ne ko ɗan sarki. In kowa jikan mai doki ne, to ina jikokin waɗanda aka ɗauro a bayan dokin suka shiga?

Daren ranar da muka zagaya gona na sami Baffa a zaure, na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa abin da Iya ta ba ni ajiya, da niyyata ta rubutawa. Ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Kai yaro, garin tone-tone kaza ke tono wuƙar yanka ta. Muna da 'yan mata a gidan nan. So kake gobe in an zo neman aure a ce jikokin baiwa ne?" Ban raina maganarsa ba, domin gaskiya ce, har yau akwai gidajen da ake fasa aure a kan irin wannan bincike, a garin da kowa yake salla yana kuma ji a wa'azi cewa fifiko na tsoron Allah ne. Na ce, "Baffa, ku gafarce ni. Shekara nawa muna ba da labarin yadda ta ceci gidan nan, mun karɓi alherinta mun ƙi karɓar asalinta. Muna tsine wa waɗanda suka ɗauke mana 'ya, ba mu taɓa tuna cewa can ma akwai gidan da aka tsine mana ba. Kuma in ku kun tafi, wa zai hana a sa wa tudun nan garma, tunda ba wanda ya san ko wace ce a ciki?" Ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Sannan ya ce, "Ni ma a bayanta na yi barci ina jariri, haka aka ce mini. Rubuta. Amma kada ka kama sunan kowa." Shi ya sa ba ka ga suna ko ɗaya na mutanen gidanmu a nan ba.

An raba gonar, wanda zai sayar ya sayar. Kusurwar kudu kuwa mun haɗa kuɗi mun kewaye ta da bulo, an kuma rubuta a takardar rabo, da sa hannun shaidu, cewa ba ta cikin kason kowa. Da sallar da ta biyo baya na tara yaran gidan, nawa da na 'yan'uwa, na kai su gindin tsamiya na ba su labarin tun daga gudun Ningawa har zuwa tabon leɓe, ban rage komai ba. Wata 'yar ƙanena mai shekara tara ta tambaye ni, ita 'yar gidanmu da aka ɗauke a bakin rafi fa, ita ma tana da jikoki a can? Na ce mata ina kyautata zaton haka, watakila ma a daidai wannan lokaci wani yana zaune a gindin wani dutse yana ba su labarin wata tsohuwa da ba a san garinsu ba, wadda takan zauna da yamma tana kallon arewa.

Shawarata gare ka, mai karatu, in akwai sauran tsoho ko tsohuwa a gidanku, kada ka ce sai mako mai zuwa. Yau wayar da ke aljihunka ta isa rakoda. Ka tambayi sunayen yunwa da annoba da suka gani, ka tambayi iyakar gona da wanda ya fara sare ta, sannan ka lura da mutumin da ake ambata a labari ba a faɗin ubansa, ka yi haƙuri ka zauna har a tura ƙyaure.

Allah Ya jiƙan Tsohuwa, Ya jiƙan Iya da Malam Tsoho da 'yar da ba ta dawo daga rafi ba, Ya gafarta wa magabatanmu baki ɗaya, da waɗanda aka kama da waɗanda suka yi kamun. Mu kuma in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani, amin.